Gyaran mahaɗin fedar birki a tsohuwar Mustang: bushin, boris, walda ko sabon ƙarfe?

Duk wanda ya mallaki ɗaya daga cikin motocin Amurka masu ƙarfin inji na shekarun 1960, ko ya karɓi aikin gyaran irinsu, wata rana zai tarar fedar birki ta fara wasa a ƙarƙashin ƙafarsa. Takan yi lilo hagu da dama, ko ta sauka kamar faɗin yatsa biyu kafin a ji ta kama wani abu, ko kuma fitilar birki ta riƙa kamawa yau ta ƙi gobe. Yawanci hankali kan tafi ga man birki da masta, wato silindar da ke tura man zuwa ƙafafu idan an taka feda, da abin da ke cikin ƙafafun motar, sai a cire iska, a sake mai, a ɗaure nan a kwance can, amma wasan yana nan. Dalili shi ne matsalar tana ƙarƙashin dashbod, inda fedar take rataye, wurin da ba kowa ke son cusa kansa ba.

Na ɗauki Ford Mustang ta 1965 zuwa 1970 a matsayin misali saboda wannan ciwo sananne ne a jikinta, kuma hanyoyin maganinsa sun yi yawan da mai mota zai rikice. Kafin a shiga zaɓi, akwai abu guda da ya kamata a riƙe. Mustang ta 1965 da 1966 ta fito da masta mai rijiyar mai ɗaya, ta yadda in layi ɗaya ya fashe birki gaba ɗaya ya tafi. Daga samfurin 1967 aka raba layin gida biyu, gaba daban baya daban, kuma daga farkon 1968 dokar tarayyar Amurka ta wajabta hakan ga sababbin motoci. To amma rabon ya tsaya ne a bututun mai. Fedar guda ɗaya ce, fil ɗin da ke jikinta ɗaya ne, sandar da ke tura masta ita ma ɗaya ce. In ɗaya daga cikinsu ya saki, babu na biyun da zai karɓa, sai dai birkin hannu. Da wannan idon nake auna kowace hanya a ƙasa.

Yadda mahaɗin yake

A ƙarƙashin dashbod akwai wani ƙarfe mai siffar kwami da aka kifa, wanda zan kira maratayi. Gabansa yana ɗaure a bangon da ya raba ɗakin inji da cikin mota, inda kusoshin masta ke shiga, bayansa kuma yana ɗaure a dashbod wurin da aka riƙe sandar sitiyari. Wani shaf, wato zagayayyar sandar ƙarfe, ya ratsa maratayin daga gefe zuwa gefe. A motar da ke da kuloci, shaf ɗin haɗe yake da fedar kuloci, fedar birki kuma a kansa take lilo. Ramukan da shaf ɗin ke ratsawa an lulluɓe su da zobba na wani ƙarfe mai laushi, gaurayen tutiya, a cikinsu kuma akwai siraran bushin na robar nailan, wato 'yan bututun da ke hana ƙarfe gogar ƙarfe. Bututun da ke saman fedar birki shi ma yana da bushin biyu irin waɗannan.

Ƙasa kaɗan da wurin lilon, akwai fil a jikin hannun fedar. A kansa ake saƙala idon sandar da ke tura masta, tare da makunnin fitilar birki wanda ke rungume da idon, da ƙaramin bushin, da washa biyu na nailan, sannan kilif na waya ya kulle su duka. Motocin farko-farko, waɗanda aka ƙera a watannin da suka biyo bayan fitowar Mustang a Afrilun 1964, makunninsu a jikin masta yake kuma matsin mai ke kunna shi, don haka bayanin makunni bai shafe su ba.

Fedar birki sandar ɗaga nauyi ce. A motar da ba ta da busta, wato tukunyar iskar nan da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi, nisan da ke tsakanin wurin lilo da inda ƙafa ke taka ya ninka nisan wurin lilo zuwa fil kusan sau 6. Ke nan ƙafar da ta danna da nauyin kilo 30 tana aika wa masta kusan kilo 180. Wannan ninkin yana aiki a kan lalacewa ma: milimita ɗaya ta wasa a wurin fil takan zama kusan milimita 6 a tafin ƙafa. Shi ya sa ɗan cin da ido bai cika gani ba yake jin kamar babban abu a lokacin tuƙi.

A duba kafin a sayi komai

Na taɓa kwanciya rigingine a ƙarƙashin dashbod ɗin wata Mustang ta 1966, bayan mai ita ya riga ya canza masta sau ɗaya ba tare da wasan ya ragu ba. Abin da tocila ta fara nuna mini wani gari ne mai launin toka a kan kafet, daidai ƙasan maratayin, haɗe da ɓaraguzan roba kamar farce da aka yanke. Garin nan zoben tutiya ne da shaf ya niƙe. Da na kama fedar kuloci na ɗaga ta sama, sai fedar birki ta motsa tare da ita, domin shaf ɗin da suke tarayya a kai ya riga ya cinye zoben ya fara sassaƙar ƙarfen maratayin kansa, ramin da yake zagayayye ya koma siffar ƙwai. Babban mai laifi a irin wannan mota shi ne kakkauran sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar ƙarfe, da ke taimaka wa fedar kuloci, wanda ke jan shaf ɗin gefe ɗaya dare da rana, ko motar na tafiya ko tana ajiye.

Don haka tambayoyi uku ne ke yanke hukunci, kuma ba a amsa su daga kundin masu sayar da kaya. Shin zobban tutiya suna nan daram a zagaye, ko sun ci, ko sun fita? Shin shaf ɗin yana da santsi, ko farce na maƙalewa a wani kwari da ya yi? Shin fil ɗin jikin fedar yana nan da kaurinsa kuma ba ya motsi a mazauninsa? A haɗa da duba maratayin ko ya tsage kusa da kusoshi, da bangon injin ko yana lanƙwasa idan wani ya taka birki da ƙarfi, domin man birki da ya daɗe yana yoyo yakan cinye fenti ya bar wa tsatsa wuri.

Ma'aunan zaɓi

Na farko shi ne haɗari, kuma shi ke gaba da sauran: shin gyaran zai iya sakin ƙafa farat ɗaya, ko zai canza tsayin feda da ninkin ƙarfinta ba tare da an sani ba? Na biyu ƙarko. Na uku kuɗi, wanda ya haɗa da ladan aiki da jigila, ba farashin kayan kaɗai ba. Wanda motarsa take Kano ko Yamai ya san cewa aiko ƙarfe mai nauyi daga Amurka kan iya cin abin da ya kai kuɗin ƙarfen. Na huɗu sauƙin aiki, kuma a nan babbar tambaya ita ce ko dole a fito da maratayin daga mota. Fito da shi yana nufin cire batir, da kujerar direba, da allon agogunan dashbod, da sassauta masta, da sauke sandar sitiyari. A motocin 1965 da 1966 da na farkon 1967, sandar sitiyarin doguwa ce guda ɗaya tun daga akwatin sitiyari har hannun direba, ba ta da gaɓar da za a raba, saboda haka wurin motsi ya yi ƙaranci matuƙa. Na biyar shi ne asali, wanda ke da muhimmanci ga mai kai mota gasar nuna tsofaffin motoci, amma bai dami mai hawa kullum ba.

Hanya ta farko: sababbin bushin na nailan

Wannan ita ce mayar da abin yadda masana'anta ta yi shi. Bushin huɗu na shaf, da ƙaramin bushin na fil, da washa biyu, da sabon kilif, duka kuɗinsu kaɗan ne, kuma suna shiga ambulan guda. Ana iya aikin ba tare da fito da maratayi ba, sai dai baya da wuya za su ji jiki. Abin da ya fi buƙatar hattara shi ne sifirin kuloci, domin yana da ƙarfin da zai karya yatsa idan ya kuɓuce, don haka a rage masa ja kafin a zare shaf, kuma a sa gilashin kare ido.

Idan zobban tutiya lafiyarsu ƙalau, wannan gyaran ya wadatar, kuma babu abin kunya a cikinsa: irin waɗannan bushin ne suka yi wa motar hidima shekaru masu yawa. A motar da ke da giya mai canza kanta, inda babu kuloci balle sifirinsa, kusan kullum nan maganar ke ƙarewa. Amma idan ramin ya zama ƙwai, sabon bushin ba shi da abin jingina a gefen da ya ci, zai murƙushe cikin ɗan lokaci, a koma gidan jiya. Haɗarin wannan hanya ƙarami ne ta fuskar canza siffar mahaɗin, sai dai tana iya yaudarar mutum ya ɗauka ya gama alhali ya rufe ciwon ne kawai.

Ƙaramin gargaɗi game da makunnin fitila. Ɗan wasan da ke tsakanin fil da idon sanda da gangan aka bar shi, domin shi ne ke ba fedar damar matsa makunnin a jikin shimfiɗaɗɗen bayan idon sandar kafin turi ya fara. Wanda ya cusa bushin mai kauri don kashe wannan wasan zai wayi gari ba shi da fitilar birki. Haka kuma makunnin motar da ke da busta ya bambanta da na wadda ba ta da shi ta wajen ƙarfin sifirinsa, kuma sanya na marar busta a motar da ke da busta kan sa fitila ta makara wajen kamawa.

Hanya ta biyu: maye gurbin zobba da boris

A nan ake cire zobban tutiya gaba ɗaya a sa boris a madadinsu. Iri biyu ne a kasuwa, kuma bambancinsu ya isa a tsaya a kansa. Na farko boris ne mai sirara-siraran sanduna kamar allurai, wanda ke zuwa cikin gidansa a kulle shi a ramin maratayi ba tare da wuta ba. Na biyu boris ne mai ƙwallaye, rufaffe da giris ɗinsa a ciki, wanda ake yi wa gidansa walda a gefen maratayin. Dukansu farashinsu gomman daloli ne, kuma dukansu sun fi kyau a yi su maratayi yana kan teburin aiki.

Mai allurai ya fi sauƙin sawa, amma yana da sharuɗɗa biyu. Alluran a kan shaf ɗin kai tsaye suke birgima, don haka in shaf ya yi kwari ko ya rame, za su riƙa tsalle a kan ramin su ƙara cin sa, kuma dole a canza shaf ɗin tukuna, aikin da shi kansa walda yake buƙata a jikin fedar kuloci. Sannan gidansa yana dogara ne da ramin maratayi, in ramin ya buɗe da yawa ba zai zauna daidai ba sai an cike shi. Mai ƙwallaye yana da zobensa na ciki wanda ke kama shaf, saboda haka shaf ba ya gogar komai, kuma tun da a jikin bangon maratayi ake liƙa gidansa, ramin da ya zama ƙwai bai hana shi zama ba. Kuɗin wannan alheri shi ne daidaito wajen walda: dole a zura shaf ta cikin boris biyun, a tsayar da shi a ainihin tsakiyar tsohon ramin, a ɗan ɗiga wuta, a gwada juyawa, sannan a cire boris ɗin a kammala don kada zafi ya ƙone giris da robar da ke rufe shi. In aka bi gefen da ya ci aka ɗauke shi a matsayin tsakiya, an ɗaga ko an sauke wurin lilon fedar birki ke nan, sandar masta kuma za ta riƙa turi a karkace.

Akwai gaskiyar da masu tallar boris ba su cika faɗa ba. Fedar kuloci ce ta fi cin moriyarsa, domin ita ce ke juya shaf. Fedar birki har yanzu a kan bushin ɗinta na nailan take lilo, kuma sai an sabunta su daban. Ribar da birki ke samu ita ce shaf ɗin da yake rataye a kai ya daina yawo. Wannan riba ce babba a motar kuloci, musamman wadda aka sa wa kuloci mai tauri saboda ƙarfin inji, amma a motar da ba ta da kuloci kusan kashe kuɗi ne a banza. Ta fuskar ƙarko, wannan hanya ce na fi amincewa da ita, kuma tun da a ɓoye take ƙarƙashin dashbod, mai neman asali ne kaɗai zai damu.

Hanya ta uku: cike ramin da walda, a fere sabon bushin

Wanda ke da ƙwararren mai walda da mai injin fere ƙarfe a kusa yana iya ceto maratayinsa na asali ba tare da jiran kaya daga ƙetare ba. Ana cike gefen da ya ci, ko a liƙa washa mai kauri, a sake huda ramukan biyu a layi ɗaya, sannan a fere bushin na tagulla daidai kaurin shaf. Tagulla mai shan mai tana daɗewa ƙwarai a wurin da juyawa kaɗan ce kuma nauyi ne mai yawa, kamar nan. Kayan aikin ba su da tsada, ladan hannu ne ke cin kuɗi, kuma sakamakon ya rataya gaba ɗaya a wuyan mai aikin. Ƙarfen maratayi siriri ne, zafi mai yawa yana murɗe shi, in ya murɗe kuma kusoshinsa ba za su hau ramukan bango da na dashbod a lokaci guda ba.

A nan nake jan layi mai kauri tsakanin walda a jikin maratayi da walda a jikin hannun fedar birki. Maratayi in ya tsage yakan yi gargaɗi, a ji ƙara ko a ga motsi. Hannun feda ko fil ɗinsa in suka karye, a lokacin da aka fi taka su da ƙarfi suke karyewa, wato lokacin da wani abu ya gitta gaban mota. Fil ɗin da ya rame ana iya canza shi, amma aiki ne na wanda ya san irin ƙarfen da zai sa da yadda zai kafa shi ta baya, ba na ɗiga wuta a bakin hanya ba. Fedar da aka taɓa yankewa aka haɗa, ko aka gasa aka lanƙwasa, shawarata a ajiye ta a nemi wata.

Hanya ta huɗu: maratayi da feda na kwance

An ƙera Mustang da yawan gaske, sama da miliyan ɗaya cikin shekaru biyun farko, don haka kayan kwance ba su yi wuyar samu a Amurka ba. Dabarar da masu gyara ke yi ita ce neman maratayin motar da ba ta da kuloci, domin zobbansa ba su sha wahalar sifiri ba kuma sau da yawa suna nan kamar sababbi. Farashi ya danganta da mai sayarwa da sa'ar mai saye, kuma fedar kuloci ta asali takan yi tsada saboda masu mayar da motocinsu giyar hannu suna rububinta.

Haɗarin wannan hanya shi ne sayen abin da ya yi kama amma ba shi ba ne. Kayan 1965 da 1966 ba sa musanya da na 1967 zuwa gaba. Mafi muhimmanci, a motocin 1967 zuwa 1970 fedar da aka yi domin busta daban take da wadda ba ta busta ba: ta fi tsawo, kuma a wani ƙusa na daban take rataye can saman maratayin, ninkin ƙarfinta kuma ya fi ƙanƙanta. In aka sa ta a motar da ba ta da busta, direba zai taka da iya ƙarfinsa motar ta ƙi tsayawa yadda ya kamata. In aka yi akasin haka, birki zai riƙa cafkewa da ɗan taɓawa, sandar busta kuma ba za ta zauna a miƙe ba. Kada a saya sai an ga hoton ramukan kusa da kusa da awon nisan fil daga wurin lilo.

Hanya ta biyar: sabon maratayi

Kamfanonin da ke ƙera kayan tsofaffin motoci suna yin sabon maratayi da sabuwar feda a siffar na asali. Maratayin kan kai dala 100 ko fiye kafin jigila. Ba ya buƙatar walda, babu tsatsa, babu tsagewar da ta ɓuya. Sai dai kayan kwaikwayo ingancinsu ba ɗaya ba ne, wani lokaci sai an ɗan goge rami kafin ƙusa ta shiga, don haka a gwada shi da shaf da feda a kan tebur kafin a yi masa fenti. In irin zobban asali yake ɗauke da su, ciwon asali ma zai dawo wata rana a motar kuloci, ko da yake ba nan kusa ba. Akwai kuma cikakkun akwatunan feda na motocin tsere, irin na Wilwood da Tilton, amma waɗannan sake tsarin birki ne gaba ɗaya, da ɗaruruwan daloli da yanke-yanken bango, ba amsar fedar da ke lilo ba.

Sandar turi, wadda ke bin kowace hanya

Ko wace hanya aka bi, sandar da ke tura masta sai an duba ta, kuma a nan ake yin kuskuren da ya fi yawa. Wasu kan sayi sanda mai zare wadda ake ƙara wa tsawo, su miƙa ta har wasan ya ɓace, su ɗauka sun yi gyara. Abin da suka yi shi ne danne fistan na masta ya rufe ƙaramin ramin da mai ke komawa rijiya ta cikinsa. Da sanyin safiya ba za a ji komai ba, amma bayan tafiya mai ya ɗumama ya kumbura ya rasa mafita, birki ya fara riƙe ƙafafu, zafi ya ƙaru, riƙon ya ƙaru, har mota ta tsaya tana hayaƙi. Dole a bar ɗan sarari wanda hannu zai ji a feda kafin sanda ta taɓa fistan. Tsakanin busta da masta kuwa, tazarar da ake nema kusan rabin milimita ce. Sanda mai zare tana da amfani idan an canza masta zuwa mai rijiya biyu kuma tsawon ya bambanta, da sharaɗin zaren ya shiga sosai, notin kulle ya ɗauru, bayan idonta kuma yana da shimfiɗar da makunni ke bukata.

A motar da ba ta da busta, a tabbata bakin sandar a kulle yake cikin fistan, ta yadda in takalmi ya ɗago feda sama ba za ta zare ta faɗo ba. Masu Chevrolet Camaro da Chevelle na wannan zamani nasu tsarin ya ɗan bambanta: hannun fedarsu yana da ramuka biyu, na sama domin birki marar busta, na ƙasa domin mai busta, sandar kuma tana ƙarewa da ƙarfe mai baki biyu da fil ke ratsawa. Ƙa'idar dai ɗaya ce, kuma sanya fil a ramin da ba nasa ba yana haifar da irin abin da na bayyana game da fedar Mustang.

A taƙaice cikin jadawali

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Wahalar aiki | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Bushin na nailan | Kaɗan ƙwarai | Mai kyau in zobba na nan | Ana yi a cikin mota | Rufe ciwon da ya yi zurfi |
| Boris mai allurai | Matsakaici | Mai kyau in shaf na da santsi | A fito da maratayi | Cin shaf da ya rame |
| Boris mai ƙwallaye | Matsakaici, da ladan walda | Mafi daɗewa | A fito da shi, a yi walda | Kauce wa tsakiyar rami |
| Walda da tagulla | Ladan hannu | Gwargwadon mai aiki | Mai yawa | Murɗewar maratayi |
| Na kwance | Ba tsayayye ba | Gwargwadon abin da aka samu | A fito da shi, a musanya | Fedar da ba ta motar ba |
| Sabon maratayi | Mafi tsada | Kamar na asali | A fito da shi, a musanya | Rashin zama daidai |

Wa ya dace da wace

Mai motar da giyarta ke canza kanta, wanda ya duba ya ga zobba a zagaye, ya sayi bushin da washa da sabon kilif, ya shafa ɗan giris, ya tsaya nan. Haka ma mai motar kuloci da ya yi sa'ar kama abin da wuri, sai dai shi ya riƙa leƙa kafet lokaci-lokaci yana neman garin nan mai launin toka. In kulocinsa an riga an canza shi zuwa na zamani mai faifan sifiri guda, ya tambayi makanikensa game da cire babban sifirin taimako, domin irin wannan kuloci ba ya bukatarsa kuma cire shi yana sauke wa shaf nauyi.

Mai motar kuloci da yake hawanta sosai, ramukansa kuma sun zama ƙwai, boris mai ƙwallaye ne nasa, muddin yana da mai walda mai haƙurin aunawa kafin ya kunna wuta. In babu irin wannan mutum a kusa kuma shaf ɗin lafiya yake, mai allurai zai yi. Wanda jigila ta fi ƙarfinsa amma yana da ƙwararren mai fere ƙarfe, tagulla za ta fitar da shi, da sharaɗin a huda ramukan biyu a zama ɗaya. Mai shirya mota domin gasar asali ya nemi maratayin kwance daga motar da ba ta da kuloci, ta shekarar motarsa. Wanda kuwa ya fito da maratayinsa ya tarar da tsagewa kusa da kusoshin masta, ko tsatsa ta cinye shi, ko wani ya taɓa yi masa ɗinkin walda barkatai, ya sayi sabo, ya gyara bangon injin tun maratayin yana waje.

Bayan an haɗa komai, kafin a mayar da kujera, a haska tocila a ga kilif ya shige ramin fil har ƙarshe, a ja fedar sama da hannu a ga sanda ba ta zare ba, a sa wani ya tsaya a baya ya tabbatar fitila na kamawa da ɗan taɓawa kuma tana mutuwa idan an saki. Sannan a yi gwajin farko a fili marar cunkoso, a ƙaramin gudu, a tsaya bayan mintuna kaɗan a kai hannu kusa da kowace ƙafa a ji ko wata ta fi sauran zafi.